An ɗauke min jakar kamara a tashar mota a Kwatano, hotunan bikin mutane na ciki

Mai Hoton Argungu: Assalamu alaikum 'yan'uwa masu sana'ar hoto na wannan zaure. Daga Kwatano ta ƙasar Benin nake wannan rubutu, kuma wallahi har yanzu jikina rawa yake. Yau da asuba an ɗauke min jakar aiki a tashar mota. Kamarata Canon 80D na ciki, da ƙaramin ido (wato lens, gilashin gaban kamara) 50mm, da filas, da batir uku da caja. Abu biyu ne suka fi ci min rai. Akwai dogon farin ido 70-200 a jakar wanda ba nawa ba ne, aro na yi. Sannan memorin da na ɗauki bikin da ya kawo ni garin yana jikin kamarar, ban sauke shi ko'ina ba.

Wani Alhaji ɗan garinmu da ke zaune a unguwar Zongo ne ya aurar da 'yarsa. Ya aiko min kuɗin mota da rabin kuɗin aiki, na biyo ta Tsamiya, Segbana, Kandi, Faraku har na iso. Kwana uku ina aiki, kamu, ɗaurin aure, walima, kai amarya. Jiya da dare aka watse. Aka haɗa ni da wani yaro na gidan ya rako ni tasha. Da aka kira salla na ajiye jakar kan benci kusa da shi, na je alwala. Ko minti biyar ban yi ba. Na dawo na tarar da yaron a wajen mai shayi yana sayo min burodi, benci kuwa wayam.

Fasfo da waya da kuɗin mota suna aljihuna. Mota ta tashi ta bar ni. Ba na jin Faransanci. Alhaji bai sani ba tukuna. Don Allah da me zan fara?

Hajiya Mai Lalle: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Sannu ƙanena. Allah ya bayyana.

Ɗan Kamba: Subhanallahi. Sannu abokina. Kada ka bar tashar nan yanzu. Ka nemi shugabannin tashar da masu lodi ka gaya masu, ko da Hausa ne, ba za ka rasa mai jin ta ba a tashar da motocin arewa ke tashi. Ka tambayi mai shayin da kansa, su ne idon tasha. Sai 'yan kabu-kabun da ke bakin ƙofa, waɗannan masu rawayar riga da ake ce wa zem. Kowannensu da lamba a bayan rigarsa, kuma waɗanda ke tsayawa wuri ɗaya sun san juna. Wanda ya ɗauki jaka mai nauyi da asuba ba da ƙafa zai yi nisa ba, babur zai hau.

Daga nan sai ofishin 'yan sanda. A Benin tun 2018 aka haɗe 'yan sanda da jandarmomi suka zama rundunar guda, don haka kada wani ya yi ta yawo da kai tsakanin ofis biyu. Ka tambayi komisariya, wato ofishin 'yan sandan da tashar ke ƙarƙashinsa, ka ce déclaration de vol, wato rahoton sata, kake so ka yi. Ka tafi da mai jin Faransanci, kuma kada ka fito sai da takarda mai hatimi a hannunka. Ko ba a samu kayan ba, takardar nan ita ce shaidarka wajen mai ido da wajen Alhaji, kuma ran da kamarar ta ɓulla a hannun wani, da ita za ka iya buɗe baki.

Mai Gyara Gusau: Ƙari a kan maganar Ɗan Kamba, abin da za su fara tambayarka shi ne lambar jikin kamarar. Tana ƙasanta, kusa da ramin da ake ɗaura ta a kan ƙarfen nan mai ƙafa uku. Ka rubuta ta a wani wuri?

Mai Hoton Argungu: Ban rubuta ba Injiniya. Ta hannu na saya, ba kwali ba rasit.

Mai Gyara Gusau: To ba a rasa ba. Duk hoton da kamarar ta ɗauka tana rubuta wasu bayanai a cikinsa da ido ba ya gani, rana da sa'a, irin idon da aka ɗaura, da lambar kamarar kanta. Kana da tsofaffin hotuna a kwamfutarka ta gida? Ka sa wani ya buɗe ta ya turo min guda ɗaya wanda ba a taɓa gyara shi ba. Amma ya turo shi a matsayin fayil, wato ta wajen da ake tura takardu a WhatsApp. In ya turo shi a matsayin hoto, WhatsApp zai matse shi ya goge bayanan, aikin banza ke nan. In a cikin hotunan akwai wanda ka ɗauka da dogon idon, wataƙila har lambarsa mu samu.

Ɗan Yauri: Ni dai ku yi haƙuri zan faɗi abin da ke raina. Yaya mutum zai je ƙasar da ba ya jin yarenta, da kayan da suka fi ƙarfin aljihunsa, har da na aro, ya ajiye a benci ya juya baya? Jakar kamara ko ban ɗaki na shiga tana wuyana. Kuma kwana uku kana aiki ba ka sauke hoto ko ɗaya ba? Na biyu, yaron nan. Wa ya aike shi sayen burodi? Ya san abin da ke cikin jakar, kwana uku yana ganinka da ita. Ni a wurina daga kansa za a fara bincike.

Hajiya Mai Lalle: Haba Ɗan Yauri. Mutum na cikin wuta kana tambayarsa me ya kai shi kusa da murhu? Ka bari ya fita tukuna.

Ɗan Yauri: Hajiya ba cin fuska nake ba. A zauren nan akwai yara masu koyo sama da ashirin. In kowa ya ce tsautsayi ne aka yi shiru, gobe wani zai maimaita.

Mai Hoton Argungu: Maganarka ta farko gaskiya ce Yaya, na karɓa. Sakaci na yi. Ban zo da kwamfuta ba saboda nauyi da tsoron tambayoyi a boda, na ce memori 64GB zai ishe ni in na koma gida in sauke. Amma maganar yaron, ban yarda ba. Tun ɗazu kuka yake, ya ce gani ya yi ban karya ba ga tafiyar sama da kilomita 700 a gabana. Mai shayin ma ya ce shi kaɗai ya zo, ba wanda ya yi magana da shi.

Ɗan Yauri: Kuka ba shaida ba ne. In ni ne, Alhaji zan sa ya tara yaran gidan a ce za a ja Yasin. Ka ga jaka ta dawo kafin la'asar.

Hajiya Mai Lalle: Ku bar maganar yaro, akwai wadda ta fi ta gaggawa. Ƙanena, ka je gidan Alhaji yanzu, da ƙafarka, ba ta waya ba. Ni shekarata goma sha ina harkar amare, na san yadda uwar amarya take jiran hotunan nan. In ka ɓoye har ka koma Argungu, suka yi ta kira kana cewa ana gyarawa, ran da gaskiya ta fito ba za su ce an yi maka sata ba, cewa za su yi ka ci amana. Amma yau, baƙi ba su gama watsewa ba. Kowace ƙawar amarya da hotuna da bidiyo a wayarta. Dangin ango haka. Yau in ka ce a turo, za a turo da zafinsa. Bayan sati biyu rabin su sun goge saboda wuri ya cika.

Kuma amarya da ango suna nan, kayansu na nan, lallen hannunta bai goge ba. Ka nemi mai hoto a Zongo ka yi hayar kamara ta yini ɗaya, a sake shiri ka ɗauke su, da iyaye da duk wani tsoho da ya zo daga gida kafin ya hau mota.

Ɗan Yauri: Wannan ai hoton ƙarya ne Hajiya. Ɗaurin aure sau ɗaya ake yi.

Hajiya Mai Lalle: Ƙarya ita ce a ce masu na ranar ne. Su da kansu za su sa kayan su zauna, wa aka yaudara? Shekara ashirin nan gaba 'ya'yanta fuskar kakansu za su nema a albam, ba ranar da aka ɗauka ba.

Mai Hoton Argungu: Hajiya kin tuna min. Kakan amarya ya zo daga Kangiwa, tsoho ne ƙwarai, da ƙyar aka kawo shi. Na ɗauke shi yana sa mata albarka, hannunsa a kanta. Duk bikin ba hoton da na so kamar wannan. Gobe za a mayar da shi. Bari in tashi.

Baba Mai Hoto Birnin Kebbi: Ɗana, Allah shi maida maka da mafi alheri. Yanzu ɗiyata tak karanta mani abin da anka rubuta. Ni tun zamanin fim nika wagga sana'a, kuma abin da yas same ka ya taɓa samu na, ba wata ƙasa ba, nan bakin Matan Fada ranar kamun kihi. Kun san yadda wurin yake in anka ba masunta izni, dubban mutane su ruga cikin ruwa da homa da gora, kowa idonai na ga ruwa. Nan anka zare mani jaka da kamara guda da ido biyu. Amma hoto ko ɗaya bai tai ba. Fim guda hoto 36 na, in ka yi sa'a ka samu 37. Duk wanda yac cika, hidda shi nika yi in sa aljihun 'yar shara, ƙarƙashin riga. Maigidana da yak koya mani aiki, in yag ga fim cikakke cikin jaka, ranar ba ka cin abincin gidanai da daɗi. Shi kan ce kamara taka ta, fim kuwa na masu biki na.

Ku yaran yanzu anka ba ku abu guda mai cin hoto dubu, sai kunka sakankance. Ni da anka koma dijital ban yarda da babban memori ba har yau. Ƙanana nika saye, kowace rana da nata, in an tashi in hidda in sa aljihu. Abin bai kai girman tambarin wasiƙa ba, mi za shi tare maka?

Ka tai wurin Alhaji kamar yadda Hajiya tac ce. Ka duƙa ka gaya mai gaskiya. Kuma kada ka bari a taɓa yaron nan.

Mai Gyara Gusau: Baba ya gama magana. Masu kamara mai ramin memori biyu, irin su Nikon D750 ko Canon 5D Mark III, su ma su ji. Rami biyu na kare ka ne daga lalacewar memori. In duka biyun na jikin kamara aka ɗauke ta, sun tafi tare. Kuma wanda ba ya son ɗaukar kwamfuta, akwai ɗan abin karanta memori da ake soka wa waya, kuɗinsa bai kai na batir ɗaya ba. Da dare ka kwafe a waya ko a filas na ajiyar fayil, in akwai intanet ka tura sama. Google na ba kowa 15GB kyauta.

Ƙaninka ya turo hoton, na ciro lambar kamarar, na tura maka ta akwatinka. Ta idon ba ta fito ba. Tambaya ɗaya, 80D tana da Wi-Fi. Ba ka tura wa kowa hoto ta waya ba a kwana ukun nan?

Mai Hoton Argungu: Allahu Akbar. Ranar kamu ƙawayen amarya sun matsa min, na jawo wasu zuwa wayata ta manhajar Camera Connect na tura masu. Amma na goge daga baya, wuri ya cika.

Mai Gyara Gusau: Kada ka ɗauki komai da wayar nan yanzu. Buɗe ma'ajiyar hotuna ka duba kwandon shara, yawancin wayoyi na riƙe abin da aka goge har kwana 30. Ka duba kuma cikin jakar WhatsApp inda yake ajiye abin da ka tura.

Mai Hoton Argungu: Suna nan! Guda 58. Amma ƙanana ne, girmansu pixel 1920 da 1280.

Mai Gyara Gusau: Sun isa a wanke hoto mai inci 5x7 tsaf, ba wanda zai ga aibu. Babban firem ne dai ba za su yi ba.

Wani ya tambaye ni ta akwati ko ana iya bin sawun kamara kamar waya. Ba a iyawa. Waya na da layi da lambar shaidarta da ake ce wa IMEI, duk inda aka kunna ta sai ta yi magana da eriyar kamfani. Kamara ba ta magana da kowa, Wi-Fi ɗinta bai wuce 'yan taku ba. Akwai shafin Stolen Camera Finder da ke neman lambar kamara a cikin hotunan da aka ɗora a intanet, na sa lambar a can. Sai dai kada a sa rai da yawa, domin Facebook da Instagram da WhatsApp, inda mutanenmu ke zuba hoto, duk suna goge bayanan. Abin da ya fi amfani shi ne masu gyara da masu sayar da na hannu su samu lambar. Ɓarawon tasha ba mai hoto ba ne, sayarwa zai yi, kuma da wuri. Na tura wa abokan aikina na Kano da Legas da Sakkwato.

Ɗan Kamba: Ni ma na tura wa wani ɗan'uwana a Faraku da wani a Malanbil. Ka roƙi Alhaji ya kai maganar wajen shugabannin Hausawa na Zongo a yi cigiya a masallatai bayan salla. Farin idon nan ba ya ɓoyuwa, duk wanda aka kai wa zai tuna.

Mai Hoton Argungu: Na dawo daga gidan Alhaji. Wallahi tafiyar da na yi daga bakin layi zuwa zaurensa ta fi min tafiyar Argungu zuwa Kwatano tsawo. Ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce kai lafiyarka ƙalau? Na ce lafiya. Ya ce to alhamdu lillahi. Cikin gida ne abin bai yi daɗi ba. Uwar amarya ta yi kuka, wata gwaggo ta ce dama sun ce a ɗauki mai hoto na gari. Ban ce komai ba, tana da gaskiyarta. Wasu sun fara zagin yaron, Alhaji ya tsawatar. Ɗansa ya raka ni komisariya, mun samu takarda. Gobe da safe za mu sake ɗauka kafin a tafi da tsoho.

Saura maganar ido. Allah gafarta Malam, in kana kusa, mene ne hukuncin kayan aro in an sace?

Malamin Gwandu: Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri. Na bi maganar tun safe.

Malamanmu na Malikiyya sun raba ajiya da aro. Wanda aka ba ajiya amintacce ne, don amfanin mai kaya yake riƙe da shi, in ya ce ya ɓata ana gaskata shi matuƙar bai yi sakaci ba. Mai aro kuwa don amfanin kansa ya karɓa. A Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda yawancinmu muka karanta a zaure, an nuna mai aro yana lamunin abin da ake iya ɓoyewa, kamar tufa ko kayan ado ko makami, ba ya lamunin abin da ba ya ɓoyuwa kamar dabba sai in ya ƙetare iyaka. Idon kamara yana cikin kashi na farko. In akwai shaidu cewa ya salwanta ba da sakacinsa ba, Ibnul Ƙasim yana ganin ba zai biya ba, Ashhabu kuwa yana ganin zai biya ko da shaidu, yana dogara da sulken da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ara wajen Safwan ɗan Umayya lokacin yaƙin Hunainu, ya ce aro ne abin lamuni.

To kai da bakinka ka ce ka yi sakaci. Shawarata ka ɗauka bashi ne a kanka, ka je wa mai shi da wannan niyya. In ya yafe duka ko wani sashe, alherinsa ne. Rabin kuɗin aikin da ka karɓa kuma ku zauna da Alhaji ku yi sulhu gwargwadon abin da ka iya miƙawa.

Ɗan Yauri, Allah ya yi maka albarka, ka janye maganar Yasin. Alƙur'ani ba sandar tsoratar da yara ba ne. Kuma Suratul Hujurat ta gaya mana sashen zato zunubi ne. Yaron da ke zaune a gidan wani a baƙuwar ƙasa, in aka liƙa masa sunan ɓarawo, kamara za a iya sayen wata, shi kuwa da sunan zai girma.

Ɗan Yauri: Na janye, Allah gafarta Malam. Allah ya yafe mana. Amma maganar sakaci tana nan.

Oga Situdiyo: Salamu alaikum. Idon da ake magana nawa ne. Tun safe nake karantawa ban ce komai ba, domin raina ya ɓaci, kuma ba na son in yi rubutu cikin fushi. Ba satar ce ta ɓata min rai ba. Mai Hoton Argungu shekara huɗu ya yi a shagona. Ya kamata in ji daga bakinsa kafin in gani a zaure.

Mai Hoton Argungu: Oga ka yi min rai. Sau uku ina danna lambarka ina kashewa. Kunya ce ta hana ni, ba raini ba.

Oga Situdiyo: Na sani. Ya wuce. Amma ba zan ce na yafe ido ba, domin in na faɗa ƙarya na yi, da shi nake aikin hawan salla da wasan ƙwallo, kuma ni ma ban gama biyan kuɗinsa da daɗewa ba. Ga abin da zan iya. In ka dawo ka zo ka ɗauki tsohuwar kamara 600D da ke cikin durowa da ƙaramin idonta, ka ci gaba da aiki, don wanda ba ya aiki ba ya biyan bashi. Duk bikin da na samu na Asabar kai za ka je, rabin kuɗin naka, rabi a rage. Kashi ɗaya cikin uku na kuɗin idon na ɗauke maka, domin ni ma na san inda za ka na ba ka, kuma ni ban rubuta lambarsa ba.

Baba Mai Hoto Birnin Kebbi: Madalla. Haka anka san maigida.

Mai Gyara Gusau: Tunda an zo nan, akwai maganar da nake ta taunawa. Ɗan'uwanmu ya ce kamararsa ta hannu ya saya, ba kwali ba rasit. Ba ina zarginsa ba ne, kusan dukanmu haka muke saye. Amma a shagona sau nawa ake kawo min kamara mai tsada, ba caja, ba murfin ido, ba igiyar wuya, mai ita bai san ma inda ake kunna ta ba, ya ce ɗan'uwansa ne ya aiko masa daga waje? Kuma a rabin kuɗi. Wanda ya ɗauki jakar nan a Kwatano ya ɗauka ne don ya san akwai mai saye, kuma mai sayen ɗayanmu ne, ko a can ko a nan.

Ɗan Yauri: Injiniya wannan kuma ka matsa. Sabuwa wa zai iya a kuɗin dala na yanzu? Kayan Turai na hannu ai ba su zuwa da rasit. In muka ce sai da takarda, rabin zauren nan sai su koma noman shinkafa.

Mai Gyara Gusau: Ban ce sai sabuwa ba. Dila mai shago da ke shigo da kaya, ka san inda za ka same shi gobe, ya rubuta maka rasit nasa da lambar kamarar a jiki. Wannan daban, wanda ya tare ka a tasha da kamara a leda daban. Kai taka a ina ka saya?

Ɗan Yauri: Wajen wani direba. Ya ce fasinja ne ya bar masa a madadin kuɗin mota. Shekara biyu ke nan. Gaskiya ban tambayi komai ba, arahar ce ta ja ni.

Hajiya Mai Lalle: To ka gani.

Ɗan Yauri: Na gani Hajiya. Tun da Injiniya ya yi maganar nan abin ke damuna.

Ɗan Kamba: Ina ba da shawara adimin ya buɗe rajista. Kowa ya turo lambar kamararsa da ta kowane ido, da hoton ƙasan kamarar. Wanda aka kawo wa ta sayarwa ya turo lamba a duba kafin ya biya. Mu haɗa da zaurukan Sakkwato da Gusau, har da 'yan'uwanmu na Gaya da Doso a Nijar, tunda kayan nan ba su san boda ba.

Mai Hoton Argungu: Salamu alaikum. Yau kwana tara, na ga ya kamata in sanar da ku inda aka kwana. Na iso gida ranar Talata. Kamara ba ta fito ba. Wani mai shago a Kwatano ya ce an kawo masa farin ido washegarin satar, ya tambayi takarda, mai shi ya juya ya tafi, daga nan ba labari.

Mun sake ɗauka kamar yadda Hajiya ta ce, da hayar wata Nikon da ban saba da ita ba, sai da mai ita ya tsaya kusa da ni. Tsoho ya sake ɗora mata hannu a ka, wannan karon har ya yi doguwar addu'a, mata na kuka. Daga wayoyin mutane na tara hoto sama da 400, na tace na samu kamar 70 masu kyau, na haɗa da 58 na kamu da sababbin. Na ɗaurin aure a masallaci su ne suka yi ƙaranci, guda shida kawai, kuma duk daga nesa. Wannan ba yadda zan yi da shi. Alhaji ya ce in riƙe abin da na karɓa, sauran rabin kuma na ce ba zan karɓa ba.

Kamarar nan da adashen shekara biyu na saye ta, ana saura 'yan makonni bikin kamun kifi na 2020, shekarar da aka dawo da shi bayan ya daɗe ba a yi ba. Da ita na ɗauki kifin nan mai kilo 78 da ya zo na ɗaya. Har yanzu in na farka da asuba sai na kai hannu inda nake rataye jakar. Na karɓi 600D wajen Oga, ranar Asabar ina da biki a Kalgo.

Yaron kuma kullum sai ya kira ni. Bayan makaranta yake bin shagunan masu waya da takardar lambar a hannu. Na ce ya bari, ya ƙi.

Hajiya Mai Lalle: Allah sarki. Ka sa hotonsa a albam ɗin in kana da shi.

Mai Hoton Argungu: Akwai guda, yana riƙe min filas ranar da muka sake ɗauka. Na sa.

Ɗan Yauri: Adimin na turo lambar tawa da hoton ƙasanta. Injiniya don Allah ka sa ta a shafin nan da ka ce, ka tura wa mutanenka na Kano da Legas su ma su duba. In akwai mai cigiyarta a gaya min.

Mai Gyara Gusau: Na karɓa. Mutum 14 ne suka turo zuwa yanzu. Baba, taka ba ta fito sosai a hoton ba, lambar ta goge. Ka sa a turo min hoto ɗaya da ka ɗauka da ita, a matsayin fayil.

Baba Mai Hoto Birnin Kebbi: Sai ɗiyata ta dawo makaranta, ita ta san wurin da aka dannawa.